FASHIN BAƘI: Bashin gina magudanan ruwa: wa ke ci, wa ke biya, ina rabon Isa da Sabon Birni?

Duk watan Agusta, idan hadari ya haɗo daga gabas ya sauke ruwansa a Sabon Birni ko a Isa, abin da ke biyo baya sananne ne ga mazauna garuruwan biyu. Ruwa ya sauko daga indararo ya cika tsakar gida, ya fita ta rariya ya haɗu da na maƙwabta a lungu, lungu ya zama rafi. Inda akwai lambatu, sau da yawa yashi da leda sun riga sun cike shi tun kafin damina ta kankama. Inda babu, ruwan kan nemi hanyarsa ta gindin katangar ƙasa, ya jiƙa ta kwana biyu ko uku, daga nan ta zube.

A can Abuja da birnin Sakkwato kuwa, ana yawan jin labarin rancen miliyoyin daloli da aka amince da shi domin yaƙi da ambaliya, zaizayar ƙasa da gyaran muhalli. Tsakanin wancan lungu da waɗannan daloli akwai doguwar hanya ta dokoki da takardu, kuma mutane kaɗan ne suka san inda ta bi. Abu guda da ya kamata kowane ɗan Gobir ya riƙe shi ne: magudanar ruwa ba ta biyan bashin da aka gina ta da shi. Daga kason jiha ake cire kuɗin, kuma kason jiha na kowa ne. Ke nan mutumin Isa da na Sabon Birni suna cikin masu biya, ko an haƙa lambatu a ƙofar gidansu ko ba a haƙa ba.

Me ya sa ruwa ke ɓarna a yankin da ake kukan fari?

Ruwan da ke sauka a gabashin Jihar Sakkwato ba shi da yawa idan aka kwatanta da na kudancin ƙasar nan. A mafi yawan shekaru yana tsakanin milimita 500 zuwa 700. Matsalar ita ce kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kaso mai tsoka kan sauka cikin 'yan ranaku, kamar da bakin ƙwarya.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan ruwa mai zurfin milimita 50 ya sauka a kan fili mai faɗin hekta 1, an samu lita 500,000, wato cikin duro 2,500 na lita 200. A gona, ƙasa kan shanye wani kaso, ciyawa ta rage wa sauran gudu. A cikin gari, rufin kwano, daɓen siminti da ƙasar da sawu ya daddale ba sa shan komai. Duk ruwan sai ya gangara lokaci guda zuwa wuri mafi kwari.

A da, kududdufai ne ke karɓar wannan ruwa. Ramukan da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini sun zama matattara, suna riƙe ruwa har ya tsotse a hankali. Da garuruwa suka cika, aka riƙa cike kududdufan da shara ana yanka su filaye. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Ga kuma gulabe. Bunsuru da Gagare, waɗanda suka ratso ƙasar Katsina da Zamfara, a wannan yanki suke haɗuwa su zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, yakan dawo Najeriya ya zuba a Rima ta wajen Sabon Birni. Wannan fadama ce ta ciyar da Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ita ce kuma ke ciyar da manoman yankin har yau. Amma idan gulbi ya cika ya batse, ruwan cikin gari ba ya samun inda zai zuba, sai ya koma baya. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta mamaye garuruwan bakin Rima har ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ta nuna iyakar ɓarnar da wannan kwari zai iya gani.

Abin da ruwan ke ɗauke da shi

A manyan biranen duniya akwai bututu a ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar bayan gida zuwa wurin tacewa. A Najeriya, in aka cire wasu sassan Abuja, inda ake tace ƙazanta a Wupa, da wasu tsirarun unguwanni a Legas, babu irin wannan tsari. Garuruwa irin su Isa da Sabon Birni sun dogara ne da masai da sokawe, sai kwatar da ke fitar da ruwan wanka da na wanke-wanke zuwa lungu.

Saboda haka idan ruwan sama ya yi yawa, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Yakan cika ramin masai ya tumbatso da abin da ke ciki, ya wanke juji, ya ɗebi jini da tumbi daga mahauta, ya kwashi baƙin mai daga garejin makanikai da kashin dabbobi daga kara. Wani kaso ya faɗa rijiyoyin da ba su da murfi ko waɗanda bakinsu bai ɗaga sama ba. Wani ya kwanta a kwari ya zama gidan sauro. Sauran ya gangara gulbi, inda ake wanka, ake shayar da dabbobi, ake ban-ruwan albasa da tattasai. Rima kuma tana zuba ne a madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ke dogaro da ita wajen ruwan sha. Kwatar Sabon Birni tana da alaƙa da famfon babban birnin jiha, ko da tazarar na da yawa.

Sakamakon yana bayyana a asibiti. A 2021, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar nan, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki, har da Sakkwato. Cutar amai da gudawa tana bin damina ne saboda damina ce ke haɗa masai da rijiya.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin biyu. Wasu mutanen sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi, wasu sun taru a hedikwatocin ƙananan hukumomi, a makarantu, kangaye da gidajen dangi. Masai ɗin da aka haƙa domin gida guda ya koma na gida biyar. Garin da aka tsara wa mutane kaɗan yana ɗauke da ninkinsu, ba tare da an ƙara masa ko taku ɗaya na lambatu ba.

A doka, aikin wa ne?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan a duhu ba. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai ginawa da kula da titunan cikin gari da magudanan ruwa, samar da ban-ɗakunan jama'a, da kwashe shara da ƙazanta. Wato lambatun Isa, a takarda, aikin Ƙaramar Hukumar Isa ne.

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga Asusun Tarayya, jihohi na da 26.72, Gwamnatin Tarayya na da 52.68. Sai dai shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai-tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Ko da kuɗin ya iso gaba ɗaya, akwai wani gibi. Albashin malaman firamare, ma'aikatan lafiya da na sakatariya kan cinye mafi yawan kason wata-wata. Babban aikin magudanar ruwa kuwa yana son kuɗi mai yawa a lokaci guda: awon ƙasa, zanen injiniyoyi, diyyar gidajen da ke kan hanyar ruwa, siminti, rodi da kwalbatoci. Ba a gina rabin magudana a dakata. Wadda aka fara daga tudu aka kasa kai ta mafita, tattara ruwa kawai za ta yi ta juye wa unguwar da ke ƙasa. Dalilin da ya sa ake zancen bashi ke nan: a samu kuɗin a dunƙule yau, a biya a hankali cikin shekarun da aikin zai yi yana amfani.

Ƙofofin bashi guda uku

Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta ce kowane mataki na gwamnati zai ci bashi ne kawai domin manyan ayyuka da gina ɗan Adam, bisa sharuɗɗa masu sauƙi, da kuɗin ruwa kaɗan da wa'adi mai tsawo, kuma da amincewar majalisa. Ta kuma buƙaci a gabatar da lissafin da ke nuna amfanin aikin ya cancanci kuɗinsa. Da wannan ma'auni za a duba ƙofofin da ke akwai.

Ta farko ita ce bankunan kasuwanci. Suna bayarwa da sauri, amma da tsada da gajeren wa'adi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankuna kuma sukan ɗora nasu a kai. A misali, bashin naira biliyan 1 a kan kashi 30 yana cin naira miliyan 300 a shekara, kafin a taɓa uwar kuɗin. Aikin da ba ya kawo ko kwabo ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Ta biyu ita ce kasuwar hannayen jari, inda gwamnati ke sayar da takardun lamuni. Doka ta ba jihohi da ƙananan hukumomi wannan dama, amma da wuya ƙaramar hukuma ta cika sharuɗɗan. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Ƙaramar Hukumar Tsibirin Legas, wadda ta yi hakan a farkon shekarun 1990 domin gina Kasuwar Sura. Kasuwa tana da shaguna, shaguna na kawo haya, haya na biyan bashi. Lambatu ba shi da ɗan haya. A wannan ƙofa akwai sukuk, wanda ya fi kwanta wa al'ummar da ke ƙyamar kuɗin ruwa. Jihar Osun ta fitar da na naira biliyan 11.4 a 2013 domin gina makarantu, Gwamnatin Tarayya ta fara nata da naira biliyan 100 a 2017 domin tituna. Sukuk ya warware matsalar shari'a, amma bai sauya tushen biya ba: daga aljihun gwamnati kuɗin ke fita.

Ta uku ita ce rancen cibiyoyin raya ƙasa, irin su Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci. Nan ne mafi yawan kuɗin manyan magudanan ruwa ke fitowa. Sharuɗɗan da sashen rangwame na Bankin Duniya ya saba ba ƙasashe irin Najeriya a wajajen 2021 su ne wa'adin shekara 30, da sararin shekara 5 kafin a fara biyan uwar kuɗi, da kuɗin ruwa da na hidima da ba su wuce kusan kashi 2 ba. A kan naira biliyan 1, wannan naira miliyan 20 ne a shekara, maimakon miliyan 300.

Ta wannan ƙofa aka samu dala miliyan 200 a 2014 domin magance ambaliyar Ibadan, bayan bala'in Agustan 2011. Ta nan aka samu shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya fara da dala miliyan 500 a 2012, aka ƙara masa miliyan 400 a 2018, ya kuma faɗaɗa daga jihohin kudu har ya iso Sakkwato, Katsina da Kano kafin a rufe shi a 2022. Magajinsa a Arewa shi ne ACReSAL, na dala miliyan 700, da aka amince da shi a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma SURWASH, shi ma na dala miliyan 700, na ruwan sha da tsaftar muhalli, wanda ya fara a 2021 da jihohi 7: Katsina, Kaduna, Gombe, Filato, Ekiti, Imo da Delta. Sakkwato ba ta cikin wannan rukuni na farko.

Yadda bashin ke shigowa, da yadda yake fita

Ƙaramar hukuma ba ta da ikon zuwa Bankin Duniya da kanta. Jiha ma ba ta da shi. Gwamnatin Tarayya ce kaɗai ke sa hannu a kan bashin waje, bayan an sa shi cikin jadawalin rancen da Majalisar Tarayya ta amince da shi, Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, kuma ya duba ko mai nema zai iya biya. Daga nan Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙulla wata yarjejeniya da kowace jiha, ta miƙa mata kasonta a matsayin bashi. Jiha kan nemi amincewar majalisar dokokinta, ta zuba nata kason na haɗin gwiwa, ta buɗe ofishin gudanar da shirin.

Wajen biya babu jiran ganin dama. Jiha kan sa hannu a kan umarnin da ba a janye shi, wanda ya ba da izinin a cire kuɗin daga kasonta tun a Abuja, kafin ya iso Sakkwato. Gwamnan da ya ci bashin zai gama wa'adinsa, na bayansa ma ya gama, ana ci gaba da cirewa. Matashin da ke da shekara 20 a ranar da aka sa hannu zai kai 50 kafin a rufe littafin.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba a wajen bikin ƙaddamarwa. Bashin da kuɗin waje ake lissafa shi, jiha kuwa da naira take samun kasonta. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, ta haura 1,500 a cikin 2024. Ke nan biyan dala miliyan 1 da ke cin naira miliyan 460 ya koma cin fiye da naira biliyan 1.5, ba tare da an ƙara ko bulo ɗaya a aikin ba. Gaskiya ne faɗuwar naira da cire tallafin fetur sun ƙara yawan nairorin da ake rabawa duk wata, amma siminti, rodi da albashi ma sun tashi.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A nan maganar ta zauna daidai. Duk nairar da aka cire a Abuja, naira ce da ba za ta je asibiti, makaranta ko hanya ba a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar. A jihar da ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna kusan mutum 9 cikin 10 na fama da talauci ta fuskoki da dama, mafi yawa a duk ƙasar, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ta yaya ake zaɓen inda za a yi aiki?

Biya na kowa ne, amma aiki a wuri guda ake yin sa. Kafin mai ba da rance ya saki kuɗi, yana son ganin awon wurin, zanen injiniya, rahoton tasirin aikin ga muhalli da jama'a, da tsarin biyan diyya ga waɗanda za a taba gidajensu ko gonakinsu. Diyyar kuma galibi daga aljihun jiha take fitowa. Wurin da aka riga aka shirya wa waɗannan takardu shi ke shiga gaba. A Sakkwato, wuraren da suka yi fice a takardun NEWMAP sun haɗa da unguwar Mabera da ke cikin birni, wadda ta daɗe tana fama da ambaliya, da madatsar Lugu a ƙasar Wurno.

Babu mai musun cewa Mabera na buƙatar magudana. Abin lura shi ne yadda wannan tsari ke aiki a kan garuruwan iyaka. Mai awo sai ya taka ƙasa. Injiniya sai ya kwana a wurin. Ɗan kwangila sai ya kai motoci da ma'aikata ya bar su wata da watanni. A yankin da aka ƙona matafiya a cikin mota a Disamban 2021, inda kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a kan hanya a Yulin 2024 ya rasu a hannun masu garkuwa, kamfanoni kan ƙi zuwa, ko su ninka farashi. Sai a shiga wani zagaye: babu tsaro, babu awo, babu awo, babu zane, babu zane, babu suna a jerin ayyuka. Garin da 'yan gudun hijira suka fi cika shi, wanda ya fi buƙatar masai da lambatu, shi ne ya fi saurin faɗuwa daga lissafi.

Amma ba dole ne hakan ta kasance ba, kuma misalin yana kan gulbi ɗaya. Jibiya gari ne na iyaka a Jihar Katsina, a bakin ruwan da ke wucewa Maraɗi ya dawo Rima, kuma ita ma ta sha hare-haren 'yan bindiga. A Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a garin. Bayan haka aka sa Jibiya cikin wuraren da aka yi wa aikin magudanan ruwa da kuɗin NEWMAP. Darasin yana da ɗaci: an yi aikin, amma sai da aka yi jana'iza. Abin da ya rage wa Isa da Sabon Birni shi ne su shiga jerin tun kafin irin wannan dare.

Abin da bashi ba ya yi

Rancen raya ƙasa yana gini, ba ya shara. Ranar da aka rufe shiri, motoci su koma, ofishi ya watse, lambatu ya zama na ƙaramar hukuma. A ƙasa mai yashi irin ta Gobir, inda iskar hunturu da ta bazara ke kwaso rairayi, magudanar da ba a yashe ta kafin kowace damina ba za ta cike cikin 'yan shekaru. Daga nan a ci gaba da biyan bashin shekara 30 a kan ramin da ya daina aiki tun a shekara ta biyar.

A Amurka an magance wannan ta wata hanya. Tun 1987 gwamnatin tarayyarsu ke zuba kuɗi a wani asusun juyi na kowace jiha, jiha ta ƙara kashi 20 na abin da aka ba ta, a riƙa ba garuruwa rance mai sauƙi domin gyaran bututun ƙazanta da tsabtace ruwan sama. Gari ya biya, kuɗin ya koma asusu, a ba wani gari. Garuruwa matalauta akan yafe musu wani kaso. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne kowane gida na biyan kuɗin hidimar duk wata, kuma daga nan ake biyan bashi, ake kuma gyara. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba za a ɗora wa manomin da 'yan bindiga suka hana shi gonarsa, suka kuma sa masa haraji, wani sabon kuɗin wata-wata ba. Amma akwai ruwan cikin da ya riga ya wanzu. Asusun Kula da Muhalli, wanda aka kafa a 1981, yana da kaso a rabon kowane wata: kashi 0.72 na jihohi, 0.60 na ƙananan hukumomi. Wannan kuɗi ba bashi ba ne, kuma domin irin wannan aiki aka ware shi. Akwai harajin kasuwa, na kara da na tasha, waɗanda ake karɓa a wuraren da suka fi tara shara. Akwai ma'aikatan duba-gari. Akwai aikin gayya, wanda ƙungiyoyin matasa ke yi da cebur da baro, ba tare da an ba su ko motar kwashe abin da suka yaso ba, har ruwan farko ya mayar da shi cikin lambatu.

Haka kuma ba kowane magani ne ke son dala ba. Hana cike kududdufai da yanka filaye a kan hanyar ruwa doka ce kawai da aiwatarwa. Ɗaga bakin rijiya da yi mata murfi, nesanta masai daga rijiya, gina ban-ɗaki a kasuwa da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, da kewaye mahauta da ramin tace ruwa, duk ayyuka ne da kason ƙaramar hukuma zai iya ɗauka. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022. Bashi ya dace ne da babban aiki: babbar magudana mai kai ruwa mafita, kwalbatoci a manyan hanyoyi, da katangar kare gari daga gulbi.

Tambayoyin da suka kamata, da inda amsarsu take

Mafi yawan bayanan nan a fili suke. DMO na wallafa bashin cikin gida da na waje na kowace jiha. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da rabon wata-wata, har da abin da aka rubuta wa Isa da Sabon Birni da abin da aka cire wa jiha domin biyan bashi. Kasafin kuɗin jiha da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku suna intanet. Bankin Duniya na wallafa takardun kowane shiri, da jerin kwangiloli da sunayen kamfanonin da suka samu, kuma kowane shiri wajibi ne ya kasance da hanyar karɓar koke daga jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi.

Da waɗannan a hannu, ƙungiyar ɗalibai ko ta ci gaban gari za ta iya zama da kansila, shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar jiha ta yi tambayoyi ƙayyadaddu. Nawa jihar ta karɓa daga ACReSAL, kuma nawa aka kashe a gabashin Sakkwato? Da wane ma'auni aka zaɓi wuraren aiki, kuma an lissafa da yawan 'yan gudun hijira? Shin akwai awo da zanen magudanan ruwa na garin Isa da na Sabon Birni, in babu, wa zai biya a yi? Ina kason muhalli na ƙananan hukumomin biyu yake shiga? Wane layi ne a kasafin kuɗi aka ware wa yasar lambatu, kuma a wane wata ake sakin kuɗin? Kafin majalisar jiha ta amince da sabon rance, an karanta wa jama'a wa'adinsa, kuɗin ruwansa da jerin garuruwan da za su amfana?

Tambaya ta uku ta fi sauran gaggawa, domin ita ce mafi arha, ita ce kuma mabuɗin sauran. Awo da zane ba sa cin ko kusa da abin da gini ke ci, kuma garin da ke da su a ajiye shi ake fara kira idan sabon rance ya zo. Lokacin yin wannan magana shi ne watannin ƙarshen shekara, sa'ad da ake tsara kasafin kuɗi, da watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.